Shin da gaske Sin tana haɗiye duk wanda ya ci ta da yaƙi? Batun Manchu da daular Qing

Dalibin_Tarihi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ake yawan maimaitawa, wai duk wanda ya ci ƙasar Sin da yaƙi, ƙarshenta shi ne ke narkewa ya koma Basine. Misalin da ake bayarwa shi ne Manchu. Sun shiga Beijing a 1644, sun riƙe mulki har 1912, shekara 268, amma yau da ƙyar ka sami wanda ya tashi da harshen Manchu a bakinsa. Ni ina ganin maganar ta zauna. Sun zo da takobi, al'adar Han, ƙabilar da ta fi yawa a Sin, ta cinye su. Wanda ke da ja, ina sauraro.

Malam_Sabo: Wa alaikumus salam. Ina da ja, kuma daga tushe. Sunan Manchu kansa sabo ne. Mutanen Jurchen ne, Nurhaci ya haɗa kansu, ɗansa Hong Taiji ya raɗa musu suna Manchu a 1635, ya kira daular Qing a 1636. Abin da ya ɗaure su wuri guda tsarin tutoci takwas ne, wanda ya kammala a 1615. Ƙaramin rukuni shi ne niru, maza 300. Niru biyar su ne jalan, jalan biyar su ne tuta guda, wato maza 7,500 a lissafin takarda. Tutocin rawaya ce, fara, ja da shuɗiya, sai wasu huɗu masu launin nan amma da geza a gefe. Ba soja kaɗai ake rubutawa ba, har mata, yara da barori. An haife ka a tuta, a nan za ka yi aure, a nan za ka mutu.
Sannan ba Jurchen kaɗai ke ciki ba. An kafa tutocin Mongolawa a 1635, na Sinawan da suka bi su kuma suka cika takwas a 1642. Don haka kafin mu ce sun narke, sai mu fara tambaya: me ya mai da mutum Manchu tun farko, harshe ko rajista?

Ummu_Hafsa: Kuma a farkon lamarin ai su ne suka tilasta wa Han kamanninsu. Bayan Nanjing ta faɗi a 1645, Dorgon, wanda ke riƙe wa yaron sarki Shunzhi mulki, ya ba da umarni kowane namiji ya aske gaban kansa ya kitse na baya jela guda. Kwana 10 aka ba kowane gari daga ranar da takarda ta iso. Mutane suka taƙaita dokar da cewa ka bar gashi ka rasa kai, ko ka bar kai ka rasa gashi. Dalilin da abin ya yi zafi shi ne koyarwar Confucius ta ce jiki da fata da gashi amana ce daga iyaye, ba a taɓa su. Baligin namiji a zamanin Ming, daular Han da Qing ta gada, ba ya aski, tufke gashin yake yi a tsakar ka. Garin Jiangyin ya riga ya miƙa wuya, amma da dokar aski ta zo ya tayar, ya yi kwana 81 a kewaye kafin a fasa shi a karkashe jama'a. Jiading sau uku ana yi mata kisan gilla a shekarar.

Bakatsine77: Ki ƙara da Yangzhou.

Ummu_Hafsa: Yangzhou daban take, ɗan'uwa. An yi kisanta a watan Mayu na 1645 saboda Shi Kefa ya ƙi miƙa gari, kafin a sake fito da dokar askin. Na ce sake, domin Dorgon ya fara gwada ta a 1644, ya ga hankalin mutane ya tashi, ya janye. Sai da ya ga kudu ta shigo hannu ya dawo da ita. Malaman addinin Buddha da na Tao ba ta hau kansu ba, tufafin mata ma ba a taɓa ba.

Dalibin_Tarihi: Na yarda da batun aski. Amma ku dubi yadda suka yi mulki. Jarrabawar shiga aikin gwamnati ta Ming suka ci gaba da ita tun 1646. Ma'aikatu shida na Ming suka gada. Sarki Kangxi shi ya sa aka haɗa babban ƙamus na rubutun Sinanci a 1716. Sarki Qianlong ya rubuta waƙoƙi dubbai da Sinanci. Idan ba narkewa ba ce wannan, mece ce?

Gwani_Isa: Wannan ita ce hujjar masanin tarihi Ho Ping-ti, kuma ba ƙarama ba ce. A 1996 masaniyar tarihi Evelyn Rawski ta ce nasarar Qing ta zo ne daga riƙe bambancinsu da iya mu'amala da mutanen tsakiyar Asiya. A 1998 Ho ya mayar mata da martani mai zafi, yana cewa ba wanda zai mulki jama'a mai yawan Han ba tare da ya ɗauki hanyarsu ba. Har yau masana ba su gama da wannan jayayya ba.
Abin da zan ƙara shi ne sarkin Qing fuska da yawa gare shi. Ga Han, ɗan sama ne mai bin Confucius. Ga Mongolawa, khan ne, ana ƙulla auratayya da gidajen sarautarsu, ana fita farauta tare a dajin Mulan tun 1681. Ga mutanen Tibet, majiɓincin addininsu ne. Harkokin waɗannan yankuna ba sa bi ta ma'aikatu shida, suna da ofishinsu daban, Lifan Yuan, tun 1638, kuma manyan kujerunsa na Manchu da Mongolawa ne. Ku dubi yarjejeniyar Nerchinsk da Rasha a 1689: da Latin, Rashanci da harshen Manchu aka rubuta ta, ba a sa hannu kan kwafin Sinanci ba. Ko a ma'aikatu shidan da ka ambata, kowace tana da shugabanni biyu, ɗaya Manchu ɗaya Han.

Hajiya_Turai: Ku bar fada ku sauko unguwa, a nan ake ganin abin da ya faru da talakan tuta. A Beijing an fitar da Han daga birnin ciki a 1648, aka raba shi wa tutoci takwas, Han suka koma birnin waje ta kudu. A Xi'an, Nanjing, Hangzhou, Jingzhou, Fuzhou, Guangzhou da Chengdu an ware musu unguwa a cikin gari, galibi an kewaye ta da ganuwa. Ɗan tuta ba ya kasuwanci, ba ya sana'ar hannu, ba ya nisa da bariki sai da izini. Abincinsa albashi ne. Barde a Beijing yana karɓar liang 3 na azurfa a wata da rabon shinkafa, na lardi liang 2, kuma liang ɗaya kusan giram 37 ne.
Ga inda tsarin ya lalace. Gurbin soja ƙayyadadde ne, haihuwa kuwa ba ta tsaya ba. Gidan da albashi ɗaya ke ciyar da mutum biyar, bayan jikoki ya koma ciyar da mutum goma sha wani abu, farashin kaya na hawa, albashi na nan inda yake. Sai bashi. Sai jinginar da gonakin da aka ba su a kewayen Beijing ga 'yan kasuwar Han, duk da doka ta hana sayar da su. Gwamnati ta sha fanso gonakin da kuɗin baitulmali, su sake komawa. Daga 1742 Qianlong ya fara sallamar Sinawan tutoci su koma farar hula, don a ba Manchu gurabensu.
Harshen kuwa a kasuwa ya mutu. Bariki ɗaya a tsakiyar gari mai dubban ɗaruruwan Han, mai kawo ruwa Han, mai kayan miya Han, mai ba da bashi Han, mai raino ma sau da yawa Han ce. Yaro da wane harshe zai tashi?

Malam_Sabo: Hajiya ta taɓo wurin. Kuma sarakunan sun ga abin yana zuwa. Tun 1636 Hong Taiji ya tara manyansa ya ja musu kunne da tarihin daular Jin, kakanninsu Jurchen da suka mulki arewacin Sin daga 1115 zuwa 1234, yana cewa sakin tufafi da harbin baka ne ya raunana su. A 1752 Qianlong ya sa aka kafa allunan dutse ɗauke da gargaɗin a riƙe harshen Manchu da harbi a kan doki. Yakan tsawata wa jami'in da ya zo gabansa ya kasa amsawa da harshen. Sarki ba ya irin wannan faɗan sai abin ya riga ya fara zamewa.

DanZinder: Tambaya: rubutun nasu daga ina? Na ga a ƙofofin fadar Beijing akwai wani rubutu a tsaye kusa da na Sinanci.

Gwani_Isa: Shi ne. A 1599 Nurhaci ya sa aka ɗauko baƙaƙen Mongolawa aka rubuta harshensu da su. Matsalar ita ce baƙi ɗaya yana ɗaukar sauti biyu ko uku, ba ka bambance ka da ga, ko ta da da. A 1632 wani malami mai suna Dahai ya ƙara ɗigo da ɗan da'ira a gefen baƙaƙen, sai karatu ya daidaita. Daga sama zuwa ƙasa ake rubuta shi, layuka na tafiya daga hagu zuwa dama. In ka bi salsalarsa ta hannun Mongolawa da tsoffin Uyghur da mutanen Sogdiya, za ka dangane da rubutun Aramaik.

Mai_Nazari: Ni ina so in kawo misalin da ya fi na Manchu dacewa da da'awar Dalibin_Tarihi, amma shi ma ƙarshensa bai goyi bayanta sosai ba. Daular Wei ta Arewa, ta gidan Tuoba na ƙabilar Xianbei, ta haɗa arewacin Sin a 439. Sarki Xiaowen shi da kansa ya zaɓi narkewa, mataki bayan mataki. Tsakanin 493 da 494 ya ɗauke babban birni daga Pingcheng, wato Datong ta yau, zuwa Luoyang. Ya hana tufafin Xianbei. A 495 ya hana harshen a fada, ya ce wanda ya haura shekara 30 za a yi masa uzuri, wanda bai kai ba in ya yi za a sauke shi. A 496 ya sauya sunan gidan sarauta daga Tuoba zuwa Yuan, sauran manyan gidaje suka bi. Ya ƙarfafa auratayya da manyan gidajen Han. Ɗansa mai jiran gado ya yi yunƙurin komawa arewa, aka tuɓe shi, daga baya aka kashe shi.
Abin da ya ɓaci shi ne sojojin kan iyaka. A da tsaron arewa aikin girma ne. Da fada ta koma Luoyang, muƙami ya koma hannun masu nasaba da boko irin na Han, waɗanda aka bari a sansanoni shida suka zama kamar 'yan gudun hijira a ƙasar iyayensu. A 523 suka yi bore. A 528 Erzhu Rong ya tara jami'an fada a Heyin ya kashe kimanin 2,000. Zuwa 535 daular ta rabe biyu. A ɓangaren yamma Yuwen Tai ya dawo da sunayen Xianbei, har janar-janar ɗin Han ya raɗa musu.

Ummu_Hafsa: Kuma daga wannan gauraye na yamma gidajen Sui da Tang suka fito. Mahaifiyar Li Yuan, wanda ya kafa Tang a 618, 'yar gidan Dugu ce. Daular da Sinawa suka fi alfahari da ita ke nan. Wanda ya haɗiye ma ai ya canja.

Bakatsine77: Mongolawa fa? Sun yi Yuan daga 1271 zuwa 1368, sai 1315 suka dawo da jarrabawa, da aka kore su suka koma dajinsu da harshensu. Su kam ba a haɗiye su ba. Wannan kaɗai ya isa ya karya kalmar "duk" da ke cikin tambayar.

Hajiya_Turai: Haka ne, sun sami inda za su koma. Manchu ba su samu ba. Sun yi ƙoƙarin killace ƙasarsu ta asali, har da shingen bishiyoyi da rami don hana Han shiga, amma daga 1860, saboda tsoron Rasha, aka fara buɗe ta. Manoma daga Shandong da Hebei suka kwarara, har Manchu suka zama 'yan tsiraru a can ma.

Abu_Yasir: Ku ba ni dama in kawo Musulmin Hui, domin su ne suka nuna cewa harshe ba shi ne ma'auni ba. Da yawan kakanninsu sun shigo a zamanin Mongolawa, irin su Sayyid Ajall Shamsuddin mutumin Bukhara da aka naɗa gwamnan Yunnan a 1274. A zamanin Ming suka bar Farisanci da Larabci a matsayin harshen gida, suka ɗauki sunayen Sinawa, Ma ya fi yawa. Masallacinsu na Xi'an in ka gan shi daga waje ginin Sinawa ne, tsakar gida bayan tsakar gida da rufin katako. Malamai irin su Wang Daiyu da Liu Zhi sun bayyana tauhidi da kalmomin da masu karatun Confucius ke ganewa. Akwai ma rubuta Sinanci da baƙaƙen Larabci da ake kira xiao'erjing, irin yadda ajami yake. Harshe ya tafi, sutura ta tafi, amma salla, yanka, aure da maƙabarta suka riƙe su.
Da daular ta yi rauni, wannan sajewar ba ta kare su ba. A Yunnan Du Wenxiu ya riƙe Dali daga 1856 har aka murƙushe shi a farkon shekarun 1870. A Shaanxi da Gansu rikici ya ɓarke a 1862, Zuo Zongtang ya kwantar da shi da jini mai yawa ta kowane ɓangare. Waɗanda suka bi Bai Yanhu suka tsallaka ƙasar Rasha a 1877, jikokinsu su ne Dungan na Kirgistan da Kazakistan, har yau Sinancin arewa maso yamma suke yi, suna rubuta shi da baƙaƙen Rashanci.

Dalibin_Tarihi: Allah Ya saka da alheri, Abu_Yasir. Amma mu dawo kan Manchu. In a 1900 Sinanci suke yi, littattafan Han suke karantawa, me ya rage da za a ce ba su narke ba?

Malam_Sabo: Abin da ya rage shi ne abin da aka kashe su a kansa. 'Yan tawayen Taiping sun saki gashinsu don nuna sun fita daga biyayya, kuma da suka ci Nanjing a 1853 sun hallaka mutanen unguwar tuta, maza da mata da yara. Abin lura, rundunar Zeng Guofan, Bahane ɗan Hunan, ita ta ƙwato birnin ta ceci daular a 1864. Shi a wurinsa kare tafarkin Confucius ya fi asalin sarki muhimmanci.
Bayan shekara 40 lissafin ya juya. Matasan da suka yi karatu a Japan suka dawo da tunanin jinsi da ƙasa. Ƙungiyar Tongmenghui ta Sun Yat-sen, da aka kafa a Tokyo a 1905, farkon takenta korar baƙin arewa ne da dawo da Sin. A shekarar aka soke jarrabawa, igiyar da ta ɗaure masu ilimin Han da fada. An halatta aure tsakanin Manchu da Han a 1902, amma an makara. A watan Mayu na 1911 aka naɗa majalisar ministoci mai mutum 13, Han huɗu ne kawai a ciki, 'yan gidan sarauta suka kwashe manyan kujeru. Masu neman gyara ta lalama ma suka fid da rai. Ranar 10 ga Oktoba sojoji suka tayar a Wuchang, juyin da ya kifar da daular ya fara.

Ummu_Hafsa: Xi'an ce ta fi muni. Ranar 22 ga Oktoba aka tayar, aka fasa unguwar tuta da ke arewa maso gabashin gari, aka kashe dubbai cikin 'yan kwanaki. Yadda ake gane su shi ne abin tausayi. Karin harshensu na Beijing ne, ba na gari ba. Matansu ba sa ɗaure ƙafa kamar matan Han, don an hana su tun farko, saboda haka mace ko ta sauya riga, ƙafarta za ta tona ta. A Chengdu kuwa an yi sulhu, ba a zubar da jini irin haka ba. Ya danganta da shugabannin kowane gari.

Gwani_Isa: Ku lura da saurin da taken ya canja. Da Puyi, sarkin Qing na ƙarshe, ya sauka ranar 12 ga Fabrairu 1912, sabuwar jamhuriya ta ga in ta tsaya kan cewa Sin ta Han ce, to Mongoliya, Tibet da Xinjiang ba su da dalilin zama. Sai aka koma ƙabilu biyar ƙasa ɗaya, da tuta mai launi biyar: ja na Han, rawaya na Manchu, shuɗi na Mongolawa, fari na Musulmi, baƙi na Tibet. Faɗin ƙasar da Sin ke da shi yau gadon yaƙe-yaƙen Qing ne, har da murƙushe Mongolawan Dzungar a shekarun 1750. Shi ya sa muhawarar Ho da Rawski ba ta tsaya a jami'a ba, kuma hukumomin Beijing ba sa son a kira Qing daular baƙi.

Hajiya_Turai: Bayan 1912 albashi ya riƙa yankewa, zuwa 1924 da Feng Yuxiang ya fitar da Puyi daga fada ya ƙare. Mutanen da aka hana koyon sana'a shekara 260 suka koma jan keken ɗaukar mutane, aikin ɗan sanda da talla. Don samun aiki suka ɓoye asali. Sunan gidan sarauta Aisin Gioro ya koma Jin, Guwalgiya ya koma Guan, Tunggiya ya koma Tong, Niohuru ya koma Lang. Kafa ƙasar Manchukuo da Japan ta yi a yankin Manchu na asali a 1932 da Puyi a kai ya ƙara sa sunan ya zama abin gudu. Marubuci Lao She ɗan jar tuta ne, mahaifinsa ya mutu yana tsaron Beijing a 1900, kuma ya daɗe bai fito da asalinsa a rubutu ba.

Mai_Nazari: Alƙaluman ƙidaya su ne suka fi ba da mamaki. A 1953 kimanin miliyan 2.4 suka rubuta kansu Manchu. A 1982 miliyan 4.3. A 1990 miliyan 9.8. Haihuwa ba ta ninka jama'a cikin shekara takwas. Abin da ya faru shi ne a shekarun 1980 an ba mutane damar gyara ƙabilarsu a takarda, tsoro ya ragu, ga sassauci ga ƙananan ƙabilu a makin shiga jami'a da dokar haihuwa, aka kuma fara kafa gundumomin Manchu masu cin gashin kai, irin Xinbin a 1985. Hujjar da ake karɓa ita ce kakanka yana cikin tuta. Jikokin Sinawan tutoci da yawa ta nan suka zama Manchu. Maganar Malam_Sabo ta farko ke nan, rajista.

Bakatsine77: To ai wannan Manchu na takarda ne. Ba harshe, ba addini daban, ba sutura. Ni a nan ina tare da Dalibin_Tarihi.

Ummu_Hafsa: Sutura kam tana nan, sai dai ta sauya mai ita. Rigar matan da duniya ke kira ta Sinawa, qipao, ma'anar sunan rigar tuta. Telolin Shanghai ne suka matse ta a shekarun 1920.

DanZinder: Harshen fa, ba wanda ya rage ko kaɗan?

Gwani_Isa: A ƙauyen Sanjiazi na lardin Heilongjiang an sami tsofaffi ƙalilan da suka tashi da shi. Amma inda ya rayu sosai shi ne can ƙarshen yamma. A 1764 Qianlong ya ɗebi sojojin ƙabilar Xibe kimanin 1,000 da iyalansu daga yankin Mukden, wato Shenyang, ya tura su kwarin Ili tsaron iyaka. Tafiyar ta ci fiye da shekara. A can maƙwabtansu Kazak ne da Uyghur da Mongolawa, ba tekun Han ba, ƙauyukansu kuma a jere suke bisa niru takwas, suna noma da ruwan magudanar da suka haƙa da kansu. Harshensu ɗan'uwan Manchu ne na kusa ƙwarai, suna da jarida da shi a gundumar Qapqal. Da aka buƙaci masu karanta takardun fada na harshen Manchu da ke jibge a ma'ajiyar tarihi ta Beijing, daga cikin 'ya'yan Xibe aka ɗauko da yawa aka horar.

Hajiya_Turai: Bambancinsu da barikin Hangzhou ko Xi'an shi ne su an ba su ƙasa suna nomawa, mai kayan miya da mai raino duk nasu ne. Bakatsine77, kafin ka rufe batun takarda, ka duba cewa a Beijing har bayan faɗuwar daular tsofaffi ba sa tambayar mutum ko Manchu ne ko Han, tambayarsu ita ce ɗan tuta ne ko farar hula. Su kansu da rajistar suke auna juna.